Zoben da Ke Ƙirjin Mufida

Lahadi, 2 ga Safar, bayan la'asar

Bismillahi. Na ɗauko ragowar littafin Islamiyyar yara zan riƙa rubutu, don duk zuwa asibiti sai an tambaye ni yaushe abu kaza ya fara, ni kuwa sai in rikice, ina tsoron in faɗi abin da ba haka ba.

Mufida jikata ce, ɗiyata Mardiya ta haife ta. An yi arba'in tun makon jiya. Da yanzu sun koma Maradun gidan mijinta Jabir, amma suna nan Mafara wurinmu saboda numfashinta. Tun ranar da ta faɗo take wata ƙara idan ta ja iska. In tana shan nono ƙarar ta ƙaru, sai ta saki, ta sandare, ta maida kai baya kamar mai kallon rufin ɗaki. Wanzami ya cire mata beli. An sha maganin majina kwalba bayan kwalba. Ƙarar na nan.

Na san irin wannan ƙara. Matar mahauci ce ni. Ba zan rubuta inda na san ta ba.

Litinin, 3 ga Safar, da hantsi

Likitan nan ya ce ba majina ba ce. Ya ba mu takarda zuwa Sakkwato.

Ta sha kaɗan.

Alhamis, 6 ga Safar, bayan magariba

Mun dawo. Kwana biyu muka yi, ni da Maigida da Mardiya da Jabir. An sa Mufida cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya a kwance, aka ɗauki hoton cikin ƙirjinta. Yau da safe likitar ƙirji, Dakta Ramla, ta kira mu ɗakinta. Yarinya ce, ba ta fi Mardiya da yawa ba, amma ta gaishe mu gaisuwar gida, har da ya hanya ya damina.

Ta ɗauki biro ta zana zuciya. Ta zana babbar jijiyar da ke fitowa daga samanta, ta lanƙwasa kamar mariƙin buta ta gangara baya ta hagu. A kan lanƙwasar ta ja rassa uku masu kai jini kai da hannuwa. Sannan ta jawo wata takarda cike da zane, ta ce jijiyar nan tun a ciki takan ɓata hanya, kuma kowace ɓata da sunanta da lambarta. Akwai wadda ke lanƙwasawa dama maimakon hagu. Akwai wadda reshenta ɗaya ke zagayawa ta bayan maƙoshi. Akwai wadda ta katse a tsakiya. Ta ɗora biro a kan ta ƙarshe, wadda ta rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suka sake haɗewa a baya, maƙogwaro da hanyar abinci suna tsakiya.

"Wanga shi ne na Mufida, Inna. Zobe ne. Tana girma, zoben na matsewa."

Ta ce za a buɗe ta gefen haƙarƙari, a ɗaure ƙaramar cikin jijiyoyin biyu a yanke, zoben ya buɗe.

Maigida bai kalli zoben ba. Zanen farko yake kallo. Ya ce, "Likita, wanga na wa ne?"

"Na mai lafiya, Baba. Irin naka da nawa."

"Reshe uku?"

"Uku."

Ya ce to, Allah ya saka da alheri, za mu yi shawara. Sai a tasha ya buɗe baki. "Wadda ba ta san na mai lahiya ba, ita za ta gyara na maras lahiya? Ɗaya ne. Reshe ɗaya ke hita, sai can gaba shi rabu. Tun ina yaro hannuna cikin ƙirji yake." Jabir ya sunkuyar da kai ya ce abin da Baba ya gani shi za a yi, ai Baba ya fi kowa sanin ciki. Mardiya na rungume da Mufida. Ɗiyarta ce ta fari, ba ta maganarta gabanmu.

Juma'a, 7 ga Safar, bayan asuba

Na yi mantuwa a salla, ban san ko raka'a ɗaya na yi ko biyu ba. Kunnena na ɗakin Mardiya. Na gyara, amma raina bai kwanta ba, sai na sake ta.

Asabar, 8 ga Safar, da azahar

Ya dawo daga kwata da wuri, da daro a rufe da buhu. Na ɗauka kayan miya ne. Zukata ne, ta sa, ta rago, ta akuya biyu, kowace da jijiyoyinta a jiki ba a datse ba, yadda ba a taɓa kawo su gida. Ya jera su a tire a gindin rumfa, ya kira ni.

"Lantana, zo ki shaida."

Ya zura yatsa cikin babbar jijiyar sa, yatsan ya bi lanƙwasa ya ɓullo ta reshe. "Ɗaya." Ta rago. "Ɗaya." Haka har ya gama.

Na ce, a hankali, Malam, dabba dabba ce, mutum mutum ne.

Ya ce, "Huhu biyu, ƙoda biyu, hanta ɗaya, zuciya ɗaya. Ina bambancin? Mai halitta ɗaya ne."

Daga ɗaki ƙarar na fitowa, tana shiga tana fita, ga zukatan kuma a tire bakunansu a buɗe suna kallon sama.

Na dafa su don kada a yi almubazzaranci, na aika maƙwabta. Ban ci ba.

Lahadi, 9 ga Safar, da la'asar

Na nemi izininsa Mardiya ta kira likita a waya ta faɗa mata abin da ya hana. Ya ce a kira. Dakta Ramla ba ta yi dariya ba. Ta ce Baba ya yi gaskiya a kan rago da saniya, amma ɗan Adam uku ne, a dawo da yarinya don Allah, kada a kai ta fara ɗauke numfashi.

Ya ce, "To da mi za ta ce? Haka za ta ce."

Yau zukata biyar.

Talata, 11 ga Safar, da yamma

Ranar kasuwa, an yi yanka da yawa. Tire bai ɗauke ba sai da ya ƙara da faifai. Yanzu rabawa yake, na shanu gefe, na tumaki gefe, na awaki gefe, manya a baya ƙanana a gaba, kamar sahu. Kyanwoyin unguwa sun gane lokacin, suna zama kan katanga tun kafin ya shigo. Ba sa kuka. Kallo kawai.

Uwar Jabir ta aiko daga Maradun da turare da ƙullin sassaƙe, ta ce a sake kiran wanzami, wataƙila belin ya tsiro. Na karɓa na yi godiya. Turaren na ajiye, hayaƙi na sa ta shiɗe.

Ta sha kaɗan. Ta amayar da rabi.

Laraba, 12 ga Safar, da hantsi

Na je jan ruwa, na ji ƙarar a cikin rijiya. Na tsaya. Igiya ce ke gogar bakin. Na sani igiya ce.

Alhamis, 13 ga Safar, da azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta dawo. Alhamdu lillahi ta dawo.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta don likita za ta tambaya. Tana cikin shan nono ƙarar ta tsaya. Tsakar gidan ta yi tsit yadda ban ji ba tun haihuwarta, har na ji kajin maƙwabta. Leɓenta ya koma launin baba. Jikinta ya saki, na karɓe ta. Ban san tsawon lokacin ba, ba zan ƙiyasta in yi ƙarya ba. Na san na karanta Fatiha na kai ƙarshe na sake farawa. Mardiya ce ta fizge ta daga hannuna, ta tallafe ƙeyarta ta maida kan baya, tana kiran sunanta da ƙarfi, Mufida, Mufida, a gabana, ba kunya ba komai. Sai ƙarar ta dawo.

Ban taɓa zaton zan yi murna da jin ta ba.

Maigida yana kwata. Da ya dawo na faɗa masa. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya daɗe, daron na hannunsa yana ɗiga a ƙafarsa. Ya ce, "Imrana ya yi barci?" Bai ji abin da ya faɗa ba. Ni ma na yi kamar ban ji ba.

Juma'a, 14 ga Safar, bayan asuba

Imrana ɗana ne na fari. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, sai jiya da yau da biro. Wata uku ya yi a duniya. A lokacin ba a ɗauki hoton kowa ba, an ce sanyi ne.

Ba zan ƙara ba.

Asabar, 15 ga Safar, da yamma

Yaya Taibatu, yayata, ta zo daga Bakura da albasa da shinkafar gonarsu. Ta fara sallama daga zaure, salamu alai, sai ta yanke. Na fito na same ta tsaye ta dafa bango, kunnenta wajen ɗakin Mardiya. Ita ta yi mini zaman jego lokacin Imrana. Muka kalli juna. Ta ce, "Lantana." Na ce na'am, Yaya, shigo, ya hanya.

Ta ga tire a gindin rumfa. Maigida na tsugune a kansa. Suka gaisa har ƙarshe, ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa, sannan ta ce, "Sallau, wai jikar taka tunkiya ce?"

Ya ce, "Yaya, abin da ido ya gani."

"Idonka ya taɓa ganin cikin mutum? Wa ka feɗe? Hwaɗa min in kai ka ga hukuma."

Ya yi murmushi don girmanta, amma bai ɗago ba. Ya ce, "In na miƙa ta anka buɗe, anka tarar ba haka ba, mi zan ce ma Jabir? Mi zan ce ma Allah? Wuƙa ba ta san kuskure ba, Yaya. In ta wuce ta wuce."

Sai na gane ba taurin kai ne kaɗai ba. Ya san abin da wuƙa ke yi fiye da mu duka.

Yaya ta ce, "To zauna kana lissafin awaki." Ta shiga ɗaki. Na ji tana yi wa Mufida wasa.

Lahadi, 16 ga Safar, da azahar

Na yi tunanin in goye ta in shiga mota ba da saninsa ba. Na yi istigfari. Na sake tunanin. Ko na je, sai uba ya sa hannu, uban kuwa ya miƙa wuya ga surukinsa.

Ta sha kaɗan.

Litinin, 17 ga Safar, bayan magariba

Ta sake ɗauke numfashi, gajere. Mardiya ba ta ƙara kwantar da ita, a zaune take riƙe da ita, hannu ɗaya a ƙeya. Ta rame. In na ce kawo in karɓe ki, sai ta ce Inna ba ki san yadda take so ba.

Kyanwoyin sun ƙaru. Akwai wata baƙa da ban sani ba a unguwar nan.

Talata, 18 ga Safar, da la'asar

Allah ya sa rubutun nan ya karantu.

Abokinsa Yari ya soke raƙumi yau a kwata. Mu gidanmu ba a fawar raƙumi, shanu da ƙananan bisashe ne tun kakanni. Maigida ya ce da Yari ya bar masa zuciyar da jijiyoyinta. Ya shigo da ita cikin buhu a kafaɗa, ta kai girman ƙwaryar fura. Da fara'arsa ya shigo, har yana cewa yau Yaya za ta ga babbar shaida, ya manta ta koma Bakura tun jiya.

Ya ɗora ta a tire. Ya zura hannu. Na ga fuskarsa ta canza. Ya fitar, ya wanke jinin da buta, ya duba da ido, ya sake zurawa.

"Lantana. Zo ki sa yatsa."

Na ce ina da alwala. Ya ce don Allah. Bai saba ce mini don Allah ba. Na sa. Jijiyar da sauran ɗumi. Yatsana ya bi lanƙwasa ya sami ƙofa, ya wuce kaɗan ya sami wata.

"Nawa?"

Na ce biyu.

"Ba wuƙar Yari ce ta huda ba?"

Na ce Malam, kai ka san hudar wuƙa.

Ya zauna a ƙasa, ba tabarma. Aka yi kiran salla bai motsa ba, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "Shekara da shekaru ana soke su gabana, ban taɓa leƙawa ba. In raƙumi na da biyu..." Bai ƙarasa ba. Ya ce, "Kira min Jabir. Ki ce shi biyo motar sahe."

Zuciyar ya ba Yaya Taibatu, ya ce in muka wuce Bakura a sauke mata.

Laraba, 19 ga Safar, bayan azahar, Sakkwato

Jabir ya iso da hantsi. Hanyar Maradun ba ta biyuwa sai da safe, sai kuma motoci sun taru, kowa ya san dalili. Mun tsaya a mararrabar Bakura, Yaya ta fito ta karɓi buhunta, ta leƙa, ta ce, "Ashe raƙumi ya fi ni iya magana." Maigida ya ce, "Ya fi ki tsawo dai." Ta tofa wa Mufida addu'a ta taga.

An ba mu gado. An sa mata robar iska a hanci. Dakta Ramla ta zo, ta ji labarin Alhamis da na Litinin daga littafin nan. Ta maido mini shi. Ba ta ce ai na faɗa muku ba. Maigida ya cire hula ya ce, "Likita, na ɓata miki lokaci." Ta ce, "Ba nawa ba ne, Baba." Jabir ya sa hannu.

Asabar, 22 ga Safar, da hantsi

Ba a yi ba har yanzu. Ƙirjinta ya kama ciwo saboda nonon da ke sarƙe ta, sai zazzaɓi ya sauka. Kuma likitocin ba su daidaita ba. Na gan su su huɗu tsaye gaban allon hoto, suna juya ƙirjin Mufida da yatsa, yana juyawa a cikin duhu shi kaɗai, ba kai ba hannu. Na kau da ido.

Dakta Ramla ta yi mini bayani. Zoben ma iri-iri ne. Akwai wanda ta dama ce babba, shi ya fi yawa. Akwai wanda ta hagu ce babba. Akwai wanda ɗayar ta toshe ta zama kamar igiya. Na Mufida sun kusa zama daidai, kamar tagwaye. Sai an tabbatar wace ce ƙarama, don ita ke nuna gefen da za a buɗe. In an shiga ta gefen da ba shi ba, hannu ba ya kai.

Na tambaye ta ko ana gadonsa. Ta ce ba kasafai ba, me ya sa. Na ce ba komai.

Lahadi, 23 ga Safar, da la'asar

A ɗakin nan yara takwas ne, kowa da kukansa, amma nas ta ce daga bakin ƙofa take gane ta Mufida.

Maigida a waje yake kwana, gindin wata bishiya, shi da Jabir, kowa na kunyar kowa. Ba ya cin nama a nan. Shayi da burodi.

Litinin, 24 ga Safar, bayan azahar

Sun auna, sun sake aunawa, sun aika wa wani malaminsu hoton. Sun tsaya a kan ta hagu ce ƙarama, da ɗan kaɗan. Ta hagu za a shiga. Ta ce kafin su yanke za su matse ta tukuna, su ga ko jini na kai hannuwa da ƙafafu. In bai kai ba, ba ita ce ƙaramar ba, sai su saki.

An sa Laraba.

Talata, 25 ga Safar, da yamma

Yaya ta kira. Ta ce Lantana kin duba wata kuwa, gobe Larabar ƙarshen Safar ce, ranar da ko aski ba a yi, ki roƙe su su ɗaga. Na ce Yaya, Malaminmu ya karantar da mu babu camfi a Safar, ranaku duka na Allah ne. Ta ce ni ma an karantar da ni.

Na kashe wayar na zauna. Abin da na faɗa mata gaskiya ne. Amma sau biyu na tashi zan je wurin nas, ina dawowa daga rabin hanya. A na ukun Mufida ta sandare, ta maida kai baya, idonta a kaina. Na zauna.

Laraba, 26 ga Safar, da hantsi

Sun shiga da ita. An aza ta kan gado mai taya, ita kamar ƙullin goro a tsakiyarsa. Ƙarar na tafiya, na ji ta har bayan ƙofa ta rufe, har bayan ƙofa ta biyu.

Yanzu ma ina jin ta. Mardiya ta ce fanka ce.

Laraba, bayan azahar

Ba labari. Na yi salla, na tabbata huɗu na yi, don Mardiya ta ƙirga mini.

Laraba, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ta hagun ce. Sun matse, jini ya kai ko'ina, sun yanke. Dakta Ramla ta ce da zoben ya buɗe ta ga maƙogwaron ya saki da idonta.

Juma'a, 28 ga Safar, da hantsi

An dawo da ita ɗaki. Ƙarar ba ta tafi ba, ta dai yi laushi. An ce maƙogwaron ya daɗe a matse, sai ya ɗauki watanni kafin ya miƙe, mu yi haƙuri. Dakta Ramla ta ce da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar muke ba, ta faɗa a hankali, ni kaɗai. Mufida ta sha nono da safe har ta saki da kanta, kanta a kwance daidai, ba ta maida shi baya ba.

An bar maza su shigo lokacin wankin ciwo. Jabir ya tsaya daga nesa. Maigida ya matso, ya ce yana son ya gani. Nas ta ɗaga auduga. Yankan na ƙarƙashin hammata ta hagu, bai fi tsawon ɗan yatsana ba, an ɗinke shi sumul, haƙarƙarin na tashi yana sauka a ƙarƙashinsa.

Ya sunkuya ya duba yadda yake duban aikin wani mahaucin, daga wannan kai zuwa wancan. Sai na ga ya dafa ƙarfen gado. Ya sulale ya zauna a siminti. Nas ta ce subhanallahi, Baba jini ne ba ka so, kawo kujera.

Ya girgiza kai. Ni ya kalla.

"Lantana, tun ina yaro nike buɗe ƙirji," ya ce. "Ban taɓa ruhe ko ɗaya ba."